Sutudtayit: shin an ajiye wannan ma'adini a rukunin da ya dace da shi kuwa?

Ɗalibin_Duwatsu:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni zurfi a ilimin ma'adanai. A karatun da nake yi kan ma'adanan da ke ɗauke da yuraniyom na ci karo da wani wanda ba kasafai ake samun sa ba, sunansa sutudtayit, wanda littattafan kimiyya ke rubutawa studtite. Abin da na fahimta shi ne launinsa rawaya ne, yana fitowa siri-siri kamar allurai, kuma an fara gano shi ne a mahaƙar Shinkolobwe da ke yankin Katanga a ƙasar Kwango. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wurin da aka ajiye shi a tsarin Strunz, wanda ake rarraba ma'adanai rukuni-rukuni da shi. An ba shi lamba 4.GA.15, wato yana cikin rukuni na huɗu, na oksayid da haidiroksayid, kuma ƙaramin sashen da ya faɗa ciki ana kiran sa sashen haidiroksayid na yuranil. To amma da na duba abin da ya ƙunsa sai na tarar babu haidiroksayid a cikinsa ko kaɗan, faroksayid ne da ruwa. Shin kuskure aka yi, ko kuwa ni ne ban gane ƙa'idar rarrabawar ba?

Malam_Sinadari:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kuskure ka yi ba, ka karanta daidai. Bari na fara da abin da ke cikin ma'adinin, domin waɗanda ba su saba da shi ba su biyo mu. A tsakiyarsa akwai abin da ake kira yuranil, wato ƙwayar zarra ɗaya ta yuraniyom da ƙwayoyin oksijin biyu suka sa a tsakiya, ɗaya ta nan ɗaya ta can, a miƙe sambal kamar sanda. A kewayen ƙugun wannan sandar sai ka sami ƙwayoyin oksijin shida: huɗu daga cikinsu sun zo ne biyu-biyu a manne da juna, kuma wannan mannewar ta oksijin da oksijin ita ake kira faroksayid; sauran biyun na ruwa ne. Kowane faroksayid yana riƙe da yuraniyom biyu, na gaba da na baya, don haka sai abin ya zama sarƙa mai tsawo. Sarƙoƙin kuwa ba abin da ya haɗa su da juna sai ruwan da ke tsakaninsu, da wani irin riƙo mai rauni na haidirojin. Wannan ne ya sa ma'adinin yake fitowa kamar allura ko zare, kuma ya sa yake da laushi, har ma allurar takan lanƙwasa. A taƙaice ana rubuta shi UO4·4H2O. Idan ka yi lissafin nauyi za ka ga yuraniyom ya kai kusan kashi 64 cikin ɗari na jikinsa.

Game da tambayarka kuwa, tsarin Strunz yana fara duba wane irin ɓangare mai cajin ragi ne ya mamaye ma'adini, sannan ya duba yadda aka gina shi. Tunda a nan oksijin ne ke riƙe da ƙarfen, ba kabonet ko fosfet ko silikat ba, babu inda za a kai shi sai rukuni na huɗu.

Ɗalibin_Duwatsu:
Na gode, Malam. Na yarda da rukuni na huɗu. Sunan ƙaramin sashen ne bai kwanta mini ba.

Hajiyar_Taswira:
Sunan sashen bai kwanta maka ba ne saboda an raɗa shi domin maƙwabtansa, shi kuwa baƙo ne da aka nema wa masauki. Harafin G a rukuni na huɗu na haidiroksayid ɗin yuranil ne, harafin A kuma yana nufin waɗanda ba su ɗauke da wani ƙarfe na daban baya ga yuraniyom. A wannan sashen ne ma'adanan shofayit da metashofayit da iyantinayit suke zaune, kuma dukansu yuraniyom ne da oksijin da haidirojin kawai. Idan ka dubi sutudtayit ta wannan fuskar, shi ma bai ƙunshi komai ba sai waɗannan ukun, saboda haka zamansa tare da su ba zalunci ba ne. Ni a ganina buɗe sabon sashe domin ma'adanai biyu kacal, shi da ƙanensa metasutudtayit mai ƙarancin ruwa, zai ƙara wa ɗalibai wahala ne ba tare da ya ƙara musu ilimi ba.

Mai_Tambaya_77:
Hajiya, da izininki zan saɓa miki a nan. Ƙarancin adadi ba hujja ba ce. A tsarin Strunz akwai sassa da yawa waɗanda ma'adini ɗaya ko biyu ne kaɗai a cikinsu, kuma ba wanda ya ce a rushe su. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko bambancin da ke tsakanin sutudtayit da shofayit babba ne ko ƙarami. Shofayit an gina shi ne shimfiɗa-shimfiɗa, kamar takardu da aka jera ɗaya bisa ɗaya, shi kuwa sutudtayit sarƙa ne, kamar yadda Malam_Sinadari ya bayyana. Sannan wannan mannewar ta oksijin da oksijin ba a san ta a wani ma'adini ba sai a waɗannan biyun. Abin da ya keɓanta haka a duk duniyar ma'adanai, waɗanda yawansu ya kai wajen dubu shida, ya cancanci a ga alamarsa a lambar da aka ba shi.

Tsohon_Mahaƙi:
Ku bari na shigo da ɗan tarihi, domin ina ganin zai sassauta wannan jayayyar. Lokacin da wani masani mai suna Vaes ya fara bayyana wannan ma'adini a 1947, ba faroksayid ya ɗauke shi ba. Ya zaci kabonet ne na yuraniyom mai ɗauke da ruwa da ɗan dalma, kuma ba za a zarge shi ba, domin samfurin ɗan mitsitsi ne, yana cakuɗe da wasu ma'adanai masu kama da shi, kayan aikin lokacin kuma ba su kai na yanzu ba. Ya raɗa masa sunan Franz Edward Studt, masanin ƙasa da ya zana taswirar duwatsun Katanga. Sai a 1974 ne Walenta, wanda ya yi aiki da samfurin da aka samo a Menzenschwand da ke yankin Baƙin Daji na Jamus, ya nuna cewa faroksayid ne, ta hanyar kwatanta shi da irin wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Ƙanen nasa, metasutudtayit, Deliens da Piret ne suka bayyana shi a 1983, shi ma daga Shinkolobwe. Cikakken yadda ƙwayoyin zarrar suke jere kuwa ba a tabbatar da shi ba sai a 2003, a aikin Burns da Hughes.

Yanzu ku duba shekarun da kyau. Strunz ya fara fitar da jadawalinsa a 1941, bugu na tara kuma, wanda ya yi tare da Nickel, ya fito a 2001. Ke nan an ba sutudtayit mazauninsa shekara biyu kafin a san ainihin ƙirarsa. Da a ce an tsaya a kan maganar Vaes, da yanzu yana rukuni na biyar tare da kabonet, kuma da wannan tambayar ba ta taso ba sam.

Hajiyar_Taswira:
Ranka ya daɗe, wannan bayanin ya ƙarfafa maganata ne. Ma'adinin da ya yi shekara 27 ana kiran sa da abin da ba shi ba, idan ya sami masauki a cikin danginsa na kusa, ai an yi masa adalci.

Mai_Tambaya_77:
Ni kuma sai na ga maganata ya ƙarfafa, Hajiya. Idan an sauya masa wuri sau ɗaya saboda ilimi ya ƙaru, me zai hana a sake sauyawa tunda ilimin ya sake ƙaruwa?

Binta_Lab:
Ina so na ɗan karkata zuwa yadda ake gane shi, domin duk wannan muhawarar ta rukuni ba ta da amfani idan abin da ke hannunka ba shi ba ne. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji inda aka kawo mana tsofaffin samfura daga wata ma'ajiya domin a sake tantance su. A cikinsu akwai wani ɗan dutse baƙi mai ɓawon rawaya, takardar da ke jikinsa ta ce sutudtayit ne. Da ido babu wanda zai musa, domin ga launin, ga 'yan allurai da suka bazu daga wuri guda kamar hasken tauraro. Da muka haska masa hasken ekis-re muka duba zanen da ya fito, sai ya zama yuranofen, wanda silikat ne, ɗan rukuni na tara. Ma'adanan yuraniyom masu launin rawaya suna da yawa ƙwarai, kuma da dama daga cikinsu suna fitowa kamar allurai, saboda haka launi da siffa ba sa yanke hukunci.

Hanyar da ta fi sauƙi a yanzu ita ce na'urar Raman, wadda ke harba hasken leza a kan samfurin ba tare da ta lalata shi ba. Sutudtayit yakan ba da alamu biyu masu ƙarfi, ɗaya a wajen 820 wadda ta yuranil ce, ɗaya kuma a wajen 865 wadda ta oksijin biyun nan ce da ke manne da juna. Ta biyun ita ce shaidar da sauran ma'adanan rawaya ba su da ita. Sai dai a rage ƙarfin lezar, domin zafi yana sauya shi.

Ɗalibin_Duwatsu:
Malama Binta, zafi yana sauya shi zuwa me? Kuma fitilar nan mai hasken da ido ba ya gani, wadda ake haska wa duwatsu su yi ƙyalli a cikin duhu, ba za ta taimaka ba?

Binta_Lab:
Idan aka ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yakan saki rabin ruwansa, wato biyu daga cikin huɗu, ya koma metasutudtayit, kuma ba ya komawa yadda yake ko da an sake jiƙa shi. Sarƙoƙin suna nan, ruwan da ke tsakaninsu ne ya tafi, amma wannan kaɗai ya isa ya sauya ƙirar, wato yadda ƙwayoyin zarrar suke jere, daga tsarin da ake kira monokilinik zuwa otorombik, ya kuma ɗaga yawan yuraniyom zuwa kashi 70 cikin ɗari. Masu haɗa shi a ɗakin gwaji sun daɗe da sanin haka: idan ruwan haɗin bai kai digiri 50 ba sutudtayit ke kwantawa, idan ya haura 70 kuma ƙanen ne ke fitowa.

Fitilar kuwa tana taimakawa a wasu ma'adanan, amma ba abin dogaro ba ce. Otunayit, wanda aka raɗa wa sunan garin Autun na Faransa, yana ƙyalli da wani kore-kore mai ɗaukar ido. Tobanayit kuwa, wanda gininsa kusan ɗaya ne da na otunayit, ba ya ƙyallin, saboda tagullar da ke cikinsa tana kashe hasken. Duka biyun fosfet ne na yuranil, suna rukuni na takwas. Ka ga ke nan rashin ƙyalli ba ya nuna babu yuraniyom.

Abu_Kimiyya:
Ba wanda ya taɓo abin da ni ya fi burge ni game da wannan ma'adinin, wato yadda yake samuwa tun farko. Faroksayid ba abu ne mai daɗewa a cikin ƙasa ba, da sauri yake rushewa ya koma ruwa da oksijin. To daga ina ya zo har ya isa ya gina ma'adini? Amsar ita ce yuraniyom ɗin ne ke haɗa wa kansa. Uwar ma'adanan, wato yuraninayit, baƙin dutsen nan mai nauyin da yakan kai ninki goma na ruwa, tana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ake kira ƙwayoyin alfa ba dare ba rana. Idan ɗan siririn ruwa ya kwanta a jikinta a cikin tsaga, ya daɗe bai gudana ba, ƙwayoyin alfa sukan farfasa ruwan, gutsattsarin kuma su sake haɗuwa su zama haidirojin faroksayid, irin ruwan nan da ake wanke rauni da shi. Idan ya taru ya kai wani mizani sai ya haɗu da yuraniyom ɗin da ya narke, sutudtayit ya tsiro. Wannan ne dalilin ƙarancinsa: sai an sami yuraniyom mai yawa ƙwarai, da ruwa kaɗan, da lokaci mai tsawo, duka a wuri ɗaya. Shinkolobwe ta cika waɗannan sharuɗɗan, domin akwai dutsen da aka haƙo a can wanda oksayid ɗin yuraniyom ya kai wajen kashi 65 cikin ɗari na nauyinsa, alhali a mahaƙai da yawa na duniya ko kashi ɗaya ba ya kaiwa.

Tsohon_Mahaƙi:
Haka ne, Abu. Wannan arzikin ne kuma ya jefa mahaƙar cikin tarihin yaƙi. An gano ta a 1915, kamfanin Union Minière na Beljiyam ya fara haƙa a 1921, da farko domin radiyom. A 1940 shugaban kamfanin, Edgar Sengier, ya sa aka kai wajen tan 1,200 na dutsen zuwa Niyok, kuma yuraniyom ɗin Kwango ya zama babban kaso na abin da Amurka ta yi amfani da shi wajen ƙera bama-baman nukiliya na farko. An rufe mahaƙar a 1960, aka toshe ramin da kankare. Ga masu nazarin ma'adanai kuwa, sunayen da suka fito daga can kamar jerin gwanon manyan masana ne: bekerelayit domin Becquerel, kurayit domin iyalin Curie, sodiyayit domin Soddy, shofayit domin Alfred Schoep na jami'ar Ghent.

Malam_Sinadari:
Wata 'yar gyara, ranka ya daɗe, ba don rage darajar bayaninka ba: kurayit Pierre Curie aka girmama da shi. Matarsa Marie ta sami nata daban, sikolodoskayit, daga sunan gidansu na asali, Skłodowska. Shi ma daga wannan mahaƙar ya fito.

Tsohon_Mahaƙi:
Na karɓi gyara, Malam, Allah ya ƙara sani.

Injiniya_Zainab:
Maganar Abu_Kimiyya ta kai mu inda ni nake da sha'awa. Duk inda aka sami makamashin nukiliya da aka gama amfani da shi, ya haɗu da ruwa ya daɗe, sharuɗɗan nan uku sun cika, har ma fiye da yadda suke a cikin ƙasa. An ga sutudtayit ya tsiro a jikin narkakken abin da ya daskare a cikin tashar Canobil ta Yukren bayan hatsarin 1986, an kuma gan shi a jikin tsohon makamashin da aka ajiye cikin ruwa a Hanford ta Amurka. Wannan ne ya sa ma'adinin da a da sai masu tara duwatsu suka san shi ya zama abin nazarin masu tsara rumbunan binne sharar nukiliya, domin suna so su san ko ɓawon da yake yi zai riƙe yuraniyom da sauran abubuwa masu haɗari, ko kuwa zai sake su cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka kuma wasu masana'antun tace yuraniyom suna zuba haidirojin faroksayid da gangan domin garin rawayan da suke sayarwa ya kwanta, kuma wannan garin a sinadarance shi ne abin da muke magana a kai.

Tambayata ga masu rarrabawa ita ce: wanda ya tsiro a Canobil ma'adini ne ko ba ma'adini ba ne?

Hajiyar_Taswira:
A ƙa'idar Ƙungiyar Masana Ma'adanai ta Duniya, wadda aka kafa a 1958 kuma ita ke amincewa da sababbin sunaye, ma'adini shi ne abin da ayyukan ƙasa suka samar, ba hannun ɗan'adam ba. Da a ce a Canobil kaɗai aka taɓa ganin wannan abu, da ba a karɓe shi a matsayin sabon ma'adini ba. Tunda an riga an san shi daga Katanga, sai a ce na tashar takwaransa ne na ƙirar mutum, kodayake masu bincike sukan kira shi da sunan domin sauƙi.

Injiniya_Zainab:
Amma Hajiya, ba wanda ya zauna ya haɗa shi a can. Ruwa ne da ƙwayoyin alfa suka yi aikinsu, daidai da yadda suka yi a Shinkolobwe. Mutum ya ajiye kayan ne kawai, kuma ba da niyya ba. Ni wannan iyakar ta fi ba ni wahalar karɓa fiye da batun lambar 4.GA.15.

Sani_Mai_Tarawa:
Ku gafarce ni na sako wata magana ta daban, domin na ga akwai sababbin shiga da za su karanta wannan su yi sha'awar mallakar samfuri. Ƙwayoyin alfa ko takarda tana tare su, saboda haka haɗarin ba a kallon dutsen yake ba, yana wajen shaƙar ƙurarsa ko haɗiye ta. Ma'adini mai laushi irin wannan kuwa ƙura ba ta yi masa wuyar tashi. Sannan yawanci yana zaune ne a kan yuraninayit, wadda ke fitar da iskar radon da hasken gama mai ratsa jiki. Ni nawa samfuran suna cikin ƙananan akwatunan roba masu murfi, a wani ɗaki mai iska wanda ba a kwana a cikinsa, ba na buɗe su sai da safar hannu, kuma ina wanke hannu bayan haka. Kowa ya kuma binciki dokar ƙasarsa kafin ya saya ko ya aika. Na taɓa barin wani otunayit a ƙarƙashin fitila mai zafi na 'yan makonni, ya bushe ya dusashe ya fara tsattsagewa; bayan bayanin Malama Binta na gane cewa da sutudtayit ne da tuni sunansa ya sauya ban sani ba, takardar da ke jikinsa kuma ta zama ƙarya.

Malam_Sinadari:
Bari na dawo da mu kan tambayar farko, domin akwai abin da ba a ambata ba. Strunz ba shi kaɗai ne tsari ba. Akwai na Dana, wanda James Dwight Dana ya fara a 1837, kuma sabon fasalinsa na 1997 yana da aji 78 maimakon rukuni goma. A can an keɓe aji na biyar domin oksayid masu ɗauke da yuraniyom ko toriyom, kuma nan sutudtayit yake, ba tare da an liƙa masa kalmar haidiroksayid ba. Wannan bai sa tsarin Dana ya fi gaskiya ba, tambayar da ya fara yi ce ta bambanta. Misali mafi bayyana shi ne kanotayit, ma'adinin yuraniyom da banadiyom da ya shahara a yammacin Amurka: Dana ya ajiye shi tare da fosfet da banadet, Strunz kuwa ya kai shi rukuni na huɗu saboda yawan ƙwayoyin oksijin da ke kewaye da banadiyom ɗinsa. Dutse ɗaya ne, gida biyu. Akwai kuma hanya ta uku da Burns da abokan aikinsa suka bi domin ma'adanan yuranil kaɗai, inda suka raba su bisa gini: masu zaman ɗaiɗaiku, masu dunƙule, masu sarƙa, masu shimfiɗa, da masu gini ta kowace fuska. Mafi yawansu masu shimfiɗa ne. A wannan tsarin sutudtayit ya rabu da shofayit sarai, kamar yadda Mai_Tambaya_77 yake so, amma sai ya sami kansa tare da wasu masu sarƙa waɗanda salfet ne ko kabonet, ba abin da ya haɗa shi da su a sinadari.

Mai_Tambaya_77:
To Malam, ka ba ni abin da na nema da hannun dama ka karɓe da na hagu. Duk da haka ina nan a kan bakata cewa a cikin Strunz ɗin kansa ya kamata a gyara, ko da sunan sashen ne kawai a faɗaɗa ya ambaci faroksayid.

Hajiyar_Taswira:
Faɗaɗa suna ban ƙi shi ba, sabon sashe ne na ƙi. Idan wata rana aka gano na uku da na huɗu, musamman wanda ke ɗauke da wani ƙarfe baya ga yuraniyom, zan sake duba matsayina.

Ɗalibin_Duwatsu:
Na gode wa kowa. Abin da zan rubuta a aikina shi ne lambar Strunz yadda take, tare da bayanin cewa faroksayid ne kuma an ajiye shi a nan ne saboda ba ya ɗauke da wani ƙarfe na daban. Amma maganar Malam Sani ta tayar mini da wata sabuwar tambaya, Malama Binta: idan samfurin da ke ma'ajiya ya bushe da kansa a cikin akwati ya koma metasutudtayit, wane suna ya kamata a rubuta a takardarsa, na ranar da aka haƙo shi ko na ranar da aka gwada shi?

Binta_Lab:
A inda na yi aiki mukan bar tsohuwar takardar yadda take, mu ƙara sabuwa a gefenta ɗauke da sakamakon gwajin da ranar da aka yi shi. Wasu ma'ajiyun kuma sabon sunan kaɗai suke shigarwa a rajista, tsohon ya koma cikin bayanin tarihin samfurin.